Haɗa Kai a Asibiti Domin Tsare Ran Majiyyaci



Abin da zan yi magana a kansa yau abu ne wanda ba a cika son ambatonsa a bainar jama'a ba, watau cutar da kan sami marar lafiya a cikin asibiti daga hannun waɗanda ya zo wurinsu neman sauƙi. Misali a ba shi maganin wani, ko a ƙara masa jinin da ba irin nasa ba, ko a yi masa aiki a ƙafar hagu alhali kuwa ta dama ce ke ciwo, ko a ɗinke ciki a manta da auduga a cikinsa, ko kuwa jikinsa ya rikice da tsakar dare, ba wanda ya lura sai da gari ya waye. In irin wannan ta faru, dangi su kan ce kwana ne ya ƙare, ma'aikata kuma su yi gum, a rufe fayil. Ba shakka rai da ajali na Allah ne. Amma wanda ya ba mu ilimin magani shi ne kuma ya ɗora mana nauyin lura da yadda muke ba da shi.

Matsalar ba ƙarama ba ce, kuma ba ta bar kowace ƙasa ba. A shekarar 1999 Cibiyar Nazarin Aikin Likita ta Amurka ta fitar da rahoton da ya girgiza ƙasar, inda ta ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ne ke mutuwa kowace shekara a asibitocin Amurka saboda kuskuren da za a iya kauce masa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce a cikin kowaɗanne majiyyata 10 a kan sami ɗaya da ya cutu a wajen jinya, kuma fiye da rabin wannan cutarwa ana iya hana ta. A ƙasashe masu ƙarancin arziki da masu matsakaicinsa, irin tamu, ƙiyasin ya kai mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekara. Saboda haka ne a 2019 taron ƙasashen wannan hukuma ya keɓe ranar 17 ga Satumba ta kowace shekara domin tunawa da tsaron majiyyata.

To, ta ina kuskure ke shigowa? Bari mu bi sawun allura guda ɗaya. Likita ya duba yaro ya rubuta magani. Uwa ta kai takardar wurin mai ba da magani, ya karanta, ya ɗauko kwalba daga kanta. Aka kawo ɗakin kwanciya, nas ta rana ta karɓa ta ajiye, lokacin tashinta ya yi ta tafi gida. Nas ta dare ta zo ta zuƙa a sirinji ta yi wa yaron. Hannu biyar ke nan, kuma a kowane hannu abu na iya karkacewa. Ɗigo guda da bai fito sosai ba a rubutun likita ya isa ya mai da 1.0 ya zama 10. Kwalabe biyu na iya yin kama da juna. Mai yiwuwa ba a auna nauyin yaron ba, aka kintata da ido. Mai yiwuwa kuma yara biyu ne masu suna ɗaya a gadaje na kusa da juna. Amma ku lura, kowane hannu daga cikin biyar ɗin nan yana kuma da damar kama kuskuren da ya faro daga na baya.

Wani masani, Farfesa James Reason na Jami'ar Mancesta a Ingila, ya kwatanta wannan da yankakken cukun Turawa mai huji-huji. Mu a nan zana ta fi kusa da mu. Zana ɗaya ba ta rasa kafar da za a leƙa, amma in aka jingina uku ko huɗu, sai wannan ta toshe kafar waccan. Ba a hango cikin gida sai ran da kafofin duka suka zo daidai da juna. Haka ma'aikatan asibiti suke: ba wanda ba shi da kafa, komai iliminsa, domin ɗan Adam na gajiya, yana mantuwa, hankalinsa na rabuwa. Abin da bincike ya yi ta nunawa kuwa shi ne, sau da yawa in kuskure ya kai ga majiyyaci, akwai wani a wurin da ya ga alama. Ko dai bai yi magana ba, ko kuwa ya yi ba a saurare shi ba. A kan wannan nake so in tsaya.

Matuƙan jirgin sama ne suka riga likitoci gane haka, kuma da tsada suka gane. Ran 27 ga Maris, 1977, a tsibirin Tenerif na ƙasar Sifen, daura da gaɓar Maroko, manyan jirage biyu samfurin Boeing 747 suna kan titin tashi guda, hazo ya rufe filin, ba wanda ke ganin wani. Matuƙin jirgin kamfanin KLM na Holan babba ne ƙwarai, shi ne ma shugaban masu horar da matuƙan irin wannan jirgi a kamfanin. Ya ɗauka an ba shi iznin tashi, ya sako jirgi da gudu. Injiniyan da ke zaune bayansa ya ji abin da ake faɗi a rediyo, ya tambaya ko jirgin Pan Am ya riga ya kauce daga titin. Matuƙin ya amsa da ƙarfi cewa ya kauce. Injiniya bai sake cewa komai ba. Cikin 'yan daƙiƙoƙi jiragen suka yi karo, mutum 583 suka hallaka. Har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya kai wannan cin rai ba. Bayan wannan da waɗansu irinsa, kamfanonin jirage suka shigo da wani sabon horo, inda ake koya wa ƙaramin matuƙi yadda zai tsai da babba, a kuma koya wa babba cewa neman ra'ayin na ƙasa da shi wani ɓangare ne na aikinsa.

Yanzu ga misalinsa a ɗakin tiyata. A watan Maris na 2005, a wani asibiti a Ingila, an shigar da wata mata 'yar shekara 37, mai 'ya'ya biyu, domin ƙaramin aiki a hanci. Lafiyarta lau in ban da wannan. Da aka ba ta maganin barci sai aka kasa zura bututun numfashi ta maƙogwaronta, aka kuma kasa hura mata isasshiyar iska ta abin rufe hanci da baki. Wannan matsala sananniya ce, kuma an san abin yi in duk dabaru sun ƙi: a huda wuya daga waje a shigar da iska ta nan. Manyan likitoci uku ne suka taru a kanta, biyu na sa barci, ɗaya na kunne da hanci da maƙogwaro, dukkansu ƙwararru masu shekaru a aiki. Suka duƙufa ga ƙoƙarin zura bututun, a gwada wannan a gwada wancan, lokaci na wucewa ba su ankara ba. Nas-nas da ke ɗakin kuwa sun riga sun gane inda aka dosa. Ɗaya ta je ta ɗauko kayan huda wuya, ta ce ga su nan. Ba wanda ya tanka mata. Wata ta buga waya ta nemi gado a sashen masu tsananin ciwo, ta dawo ta faɗa, aka dube ta kamar mai zuzuta abu, sai ta koma ta soke. Matar ta yi kamar minti 20 iskar da ke cikin jininta na ƙasa ƙwarai, ƙwaƙwalwarta ta lalace, ta rasu bayan kwana 13.

Mijinta matuƙin jirgin sama ne. Ya nemi a yi bincike irin wanda a kan yi bayan haɗarin jirgi, ya kuma ce bai nemi a kori kowa ba, so yake a koyi darasi. Binciken ya nuna cewa ilimi bai yi ƙaranci a ɗakin nan ba, kayan aiki ma ba su yi ba, ga su a hannun nas. Likitocin uku ba su tsai da wanda ke shugabancin al'amarin ba, ba wanda ke kallon agogo, nas-nas kuma sun san abin da ya kamata amma ba su san yadda za su faɗe shi har ya shiga kunne ba.

In haka ta faru a Ingila, inda yaro kan kira malaminsa da sunansa, yaya ke nan a wurinmu? Mu an tarbiyyantar da mu a kan girmama na gaba. Bahaushe ya durƙusa ya gai da babba, Bayarabe ya kwanta rub da ciki, kuma ko'ina ka je a Nijeriya ba a so yaro ya katse babba ko ya gyara masa magana a gaban mutane. Tarbiyya ce mai kyau, ba mai neman a yar da ita. Sai dai a bakin gadon majiyyaci tana iya zama tarko. Ɗalibar nas da ta ga babban likita ya taɓa miki ya wuce ga gado na gaba bai wanke hannu ba, nauyin baki zai hana ta magana. Mai goge ɗaki da ta ga tsohuwar gado na shida numfashinta ya sāke, za ta ce a ranta wannan ba huruminta ba ne. Alhali kuwa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Saboda haka faɗin magana irin wannan sai an koye shi kamar yadda ake koyon ɗaura bandeji. A ambaci wanda ake yi wa maganar, a faɗi abin da aka gani, a faɗi abin da ake so a yi. Ajiye kaya a kan tebur da cewa "ga su nan" bai isa ba. A ce: "Ranka ya daɗe, sunan da ke jikin ledar jinin nan ba shi ne na katin ba, a dakata mu duba." In ba a ji ba, a sake da ƙarfi: "Likita, hankalina bai kwanta ba, kada a ɗaura jinin nan sai an duba." In har yanzu ba a ji ba, a kira wani babba. Ba rashin ladabi a cikin wannan ko kaɗan. Haka kuma in an ba da umarni da baki cikin gaggawa, wanda aka umarta ya maimaita sunan maganin da yawansa da babbar murya kafin ya bayar.

Amma nauyin da ya fi girma yana kan manya. Babban likita ko shugabar nas-nas da aka tsayar, ko da ya tabbata mai tsayarwar ce ta yi kuskure, lalle ne ya ce mata ta kyauta da ta tambaya. In ya daka mata tsawa, ba ita kaɗai ya rufe wa baki ba, har da mutum goman da ke tsaye suna kallo, kuma ran da zai bukaci bakinsu ba zai samu ba. A nan zan ɗan taɓo gardamar nan ta fifiko tsakanin likitoci da sauran ma'aikatan lafiya, wadda ta sha kai asibitocinmu ga yajin aiki. Kowane ɓangare na da hujjojinsa, kuma akwai teburin da ya kamata a baje su. Amma duk ranar da mai haɗa magani ya ga yawan maganin da aka rubuta ya wuce kima, ya ƙi ɗaga waya don ba ya shiri da likitan, ko ya ɗaga likita ya ce masa ya tsaya a matsayinsa, to majiyyaci ne ya biya kuɗin gardamar.

Muna da namu misalin na abin da kan faru in an yi magana kuma aka mara wa mai maganar baya. Ran 20 ga Yuli, 2014, wani matafiyi daga Laberiya ya sauka Legas ba shi da lafiya, aka kai shi asibitin First Consultants da ke Obalende. Dokta Ameyo Stella Adadevoh ta yi zargin cutar Ebola ce, ta hana a sallame shi, duk da matsin da aka yi don a bar shi ya tafi wani taro a Kalaba. Shugabannin asibitin suka tsaya tare da ita, aka sanar da hukuma. Daga nan ma'aikata suka bi sawun kusan mutum 900 da suka yi cuɗanya da masu cutar, gida gida. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, har da ita Dokta Adadevoh da waɗansu abokan aikinta. Ran 20 ga Oktoba na wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Nijeriya ta rabu da cutar.

Ba za a bar wannan al'amari ga jaruntakar mutum ɗaya ba, sai an gina shi cikin tsarin aiki. A jihar Mishigan ta Amurka, daga 2003, sassan masu tsananin ciwo fiye da 100 suka ɗauki wata 'yar takarda ta Dokta Peter Pronovost mai ƙa'idodi biyar na sa bututu a babbar jijiyar jini, irin su wanke hannu da goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ba likitan da bai san su ba tun yana ɗalibi. Sabon abin shi ne an ba nas iko ta tsai da likita in ya tsallake ɗaya, kuma hukumar asibiti ta goyi bayanta. Cututtukan jini da wannan bututu ke jawowa suka ragu da wajen kashi biyu cikin uku.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da irin wannan takarda domin ɗakin tiyata, mai abubuwa 19, ƙarƙashin jagorancin Dokta Atul Gawande. Sau uku ake tsayawa: kafin a ba da maganin barci, kafin wuƙa ta taɓa fata, da kafin a fitar da majiyyaci. A tabbatar da sunansa, da aikin da za a yi, da gefen da za a yi shi. A tambaya ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa, ko an tanadi jini. A ƙarshe a ƙirga auduga da allurai da kayan aiki. A cikinta akwai wani abu da waɗansu likitoci suka yi wa dariya da farko, watau kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a fara. Hikimar ita ce, wanda ya riga ya buɗe baki sau ɗaya aka saurare shi, ya fi samun sauƙin buɗewa karo na biyu. An gwada takardar a asibitoci takwas, daga Landan da Toronto har Niyu Delhi da Manila da wani asibitin karkara a Ifakara ta Tanzaniya. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna mutuwa bayan tiyata ta sauko daga mutum 15 cikin 1,000 zuwa 8, matsaloli kuma daga 11 cikin 100 zuwa 7.

Sai dai kada a ɗauka takardar laya ce. A lardin Ontariyo na Kanada gwamnati ta wajabta ta, amma da aka duba asibitoci 101, a rahoton da ya fito a 2014, ba a ga wani raguwar mutuwa na a-zo-a-gani ba. Masana da yawa sun fahimci cewa umarni daga sama bai wadatar ba. In mutum ɗaya ne zai zauna a lungu ya cike gurabe da biro bayan an gama aiki, an ƙara wa fayil nauyi ne kawai. Amfanin yana cikin tsayawar da maganar da ake yi da juna.

Misalin da ya fi kusa da gidajenmu shi ne na ɗakin haihuwa. Bisa ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Nijeriya a 2023 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Zubar jini bayan haihuwa na kan gaba cikin masu kashe su. Maganinsa sananne ne, amma abu biyu ke kawo cikas. Na farko, da ido ake kintata jinin da ya zuba, ido kuwa kan raina shi, musamman in ya jiƙe cikin zane. Na biyu, a kan gwada magani ɗaya, a jira, in bai yi ba a gwada na gaba, jini kuwa ba ya jira. A wani babban bincike da aka buga a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano ke cikin jagororinsa, an bi haihuwar mata fiye da 200,000 a asibitoci wajen 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. A rabin asibitocin aka riƙa shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da ma'auni, yadda kowa zai ga yawan jinin da ya taru. Da ya kai mizanin haɗari sai ungozoma ta yi kira, a taru a yi komai a lokaci guda: a murza mahaifa, a ba da maganin da ke tsuke ta, a ba da na tsai da jini, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa, in bai tsaya ba a kira na gaba. An tanadi kayan duka a wuri ɗaya, an kuma yi ta gwaji tare har kowa ya san nasa. A asibitocin da suka ci gaba da yadda aka saba, rabin masu zubar jinin kawai ake ganewa. A waɗannan kuwa ana gane fiye da 9 cikin 10. Mummunan zubar jini da abin da ke biyo bayansa ya sauko daga mace 43 cikin 1,000 zuwa 16. Ba sabon magani ko ɗaya a ciki. Na san asibitocinmu da yawa na fama da ƙarancin ma'aikata da wuta da ruwa, kuma haɗin kai ba zai maye gurbin waɗannan ba. Wajibi ne a samar da su. Amma wannan bincike a irin asibitocinmu aka yi shi.

Wani wurin da kafofin zana kan haɗu shi ne lokacin miƙa aiki, sa'ad da na rana ke tashi na dare ke kamawa. "Duk suna lafiya, sai na gado na huɗu" ba miƙa aiki ba ne. A zaga gado gado, a faɗi wanda ake jin tsoron jikinsa, da abin da ake jira daga ɗakin gwaji, da abin da za a yi in zazzaɓi ya hau, wanda ya karɓa kuma ya maimaita abin da ya ji.

Sai batun suna, wanda ke da wuya a wurinmu fiye da yadda ake zato. A ɗaki ɗaya ana iya samun Hauwa Muhammadu biyu. Marar lafiya da ke cikin zafin ciwo, in ka ce masa "Kai ne Musa?" zai ce na'am don ladabi. Tambayar da ta dace ita ce "Yaya sunanka?", sa'an nan a gwada da lambar kati. Ma'aikaci ya kuma tuna cewa uwa Bahaushiya ko Bafulatana na iya jin nauyin faɗin sunan ɗanta na fari, mace kuma ba ta kama sunan mijinta; a nemi wani daga cikin dangi ya faɗa. Harshe ma haka. Tun da aka kafa aikin yi wa ƙasa hidima a 1973, likita daga Inugu kan sami kansa a ƙauyen Katsina, ga kuma 'yan'uwanmu mazauna Sabo ta Ibadan da Agege da Fatakwal da ke zuwa asibitin da ba mai jin Hausa. Tafinta a nan ma'aikacin lafiya ne. Kada a kama yaro ɗan shekara goma a ce ya fassara ciwon mahaifiyarsa, domin ba za ta faɗi gaskiyar abin da ke damunta a gabansa ba.

Yanzu na juyo gare ku, iyaye da 'yan'uwa masu jinya. A asibitocinmu ku ne ke kwana a gefen gado, ku ke sayo magani, ku ke ba da abinci. Nas ɗaya na iya kula da gado talatin da dare, ku kuwa ɗaya kuke kallo. Don haka kuna cikin wannan ƙungiya, kuma ga abin da ake roƙonku. In likita ya ce yaya jiki, "da sauƙi" amsar gaisuwa ce. Bayan ta sai ku faɗi gaskiya, ko ya yi amai, ko bai yi fitsari ba tun jiya, ko ya daina gane mutane. Kada ku ɓoye jiƙo ko sassaƙe ko ƙwayar da aka saya a kemis kafin a zo. Ku zo da kwalbar ko ƙunshin a gani, domin wani magani ba ya haɗuwa da wani. Ku ma'aikata kuma, in an faɗa muku kada ku yi faɗa, in kun yi gobe ba za a faɗa ba. Kada a zo da katin wani don gudun kuɗin yankar sabo, gama abin da ke rubuce a ciki, har da rukunin jini, na mai katin ne. In an ce kada marar lafiya ya ci ko ya sha kafin tiyata, to ko kunu cokali ɗaya kada tausayi ya sa a ba shi, domin yana iya yin amai cikin barcin magani ya shaƙe shi zuwa huhu. In kuwa an riga an ba shi, a faɗa. Kada a taɓa maƙunnin ƙarin ruwa don a ga ya ƙare da wuri. In ƙwayar da aka kawo yau ba ta yi kama da ta jiya ba, ku tambaya kafin a haɗiye. In kun ga jikin ya sāke kun kira ba a zo ba, ku sake kira, ku nemi shugabar ɗakin.

Saura abin da za a yi in kuskuren ya riga ya auku. Al'adar da aka saba ita ce a nemi hannun ƙarshe da ya taɓa majiyyaci, yawanci ƙaramar nas, a ba ta takardar tuhuma, a ce an ɗauki mataki. Kwalaben nan biyu masu kama da juna kuwa suna nan kan kanta suna jiran wata. Abin da sauran ma'aikata suka koya kawai shi ne su ɓoye nasu. Tun 1976 matuƙan jirgi a Amurka ke da hanyar kai rahoton kuskurensu a asirce, har da wanda aka tsallake rijiya da baya, kuma daga irin waɗannan rahotanni ake gyara tsari kafin a yi asara. A nan gida ma, tsarin bitar mutuwar mata masu haihuwa da jarirai an gina shi ne a kan kada a kama suna, kada a ɗora laifi, a nemi inda aka yi jinkiri. Kowane asibiti, komai ƙanƙantarsa, na iya zama sau ɗaya a wata, da likita da nas da mai ba da magani da na ɗakin gwaji, a tattauna abin da ya faru da wanda ya kusa faruwa. Wannan bai hana hukunci ga mai ganganci ba, kamar wanda ya zo aiki a buge, ko ya bar majiyyata ya tafi harkarsa, ko ya yi aikin da ba shi da izninsa. Don irinsu ne aka kafa Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya da Majalisar Nas-nas da Ungozomomi.

Doka ma tana tare da majiyyaci. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya bayyana wa marar lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin magani da ke akwai, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, cikin harshen da yake ji, ta kuma ba shi ikon ƙin abin da bai yarda da shi ba. Ta hana a ƙi karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa. A watan Yuli na 2018 kuma aka ƙaddamar da Takardar Haƙƙoƙin Majiyyata, wadda ta tattara waɗannan wuri ɗaya. Wanda ke da ƙorafi ya fara da shugabar ɗakin da aka kwantar da shi, sa'an nan shugaban asibiti, ya rubuta ranar da abin ya faru da lambar katinsa. In bai gamsu ba, ya kai ga ma'aikatar lafiya ta jiharsa ko majalisar da ke kula da ma'aikacin da abin ya shafa.